Ku Tambaya, Mu Amsa: Jibin Ubangiji da Zumuntar Masu Bi

Wasiƙun wannan wata kusan duka a kan Teburin Ubangiji suka taru, wato Jibi, gurasa da ruwan inabin da masu bin Almasihu ke ci tare a sujada. Mun zaɓi shida, mun taƙaita su, mun kuma ɓoye sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Baba Fasto, ina gaisuwa. Na daɗe rabona da cin Jibi. Mun yi rigima da wata 'yar'uwa a zumuntar mata kan kuɗin adashi, har yau ba ma gaisawa. In aka karanta wurin nan da ke cewa wanda ya ci da rashin cancanta ya jawo wa kansa hukunci, sai gabana ya faɗi, in bar faranti ya wuce ni. Ita kuwa ci take abinta. Wa ke da gaskiya a cikinmu? Daga wata 'yar'uwa, Bukoki, Yamai.

'Yar'uwa, muna amsawa. Tsoron da kike ji alama ce kin ɗauki abin da nauyi, kuma haka ya kamata. Amma wurin da kika tsaya ba wurin zama ba ne.

Ayoyin da ke tayar miki da hankali su ne 1 Korintiyawa 11:27 zuwa 29. Ki koma aya ta 17 ki faro daga can. Bulus ya rubuta wasiƙar nan wajen shekara ta 55, lokacin da masu bi ke taruwa a gidaje, Jibin kuma a cikin cin abincin yamma ake yin sa. Masu hali sukan riga zuwa da girkinsu, su ci su ƙoshi, wasu har su bugu. Bayi da 'yan ƙwadago, waɗanda sai an sallame su daga aiki, in sun iso sai su tarar an share kwanuka. Bulus ya ce musu wannan ba Jibin Ubangiji suke ci ba, raina ikkilisiya suke yi suna kunyata marasa shi. To, rashin cancantar da yake nufi ke nan: mutum ya ci gurasar Almasihu yana wulakanta jikin Almasihu da ke zaune kusa da shi. Maganin da ya ba su kuwa guda biyu ne. A aya ta 28 ya ce kowa ya gwada kansa sa'an nan ya ci. A aya ta 33 ya ce su jira juna. Babu inda ya ce su ƙaurace wa teburin.

Babi na 10, aya ta 16 da 17, shi ne gindin maganar. Ƙoƙon tarayya ne cikin jinin Almasihu, gurasar tarayya ce cikin jikinsa, kuma da yake gurasar ɗaya ce, mu duk yawanmu jiki ɗaya muke. Tarayya da Ubangiji da tarayya da 'yan'uwa a dunƙule suka zo, ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya. Ko a gidajenmu an san nauyin sa hannu cikin akushi ɗaya da mutum, wanda kuka yi haka da shi akwai amana tsakaninku. Saboda haka barin faranti ya wuce ki bai biya komai ba, gabar tana nan inda take, ke kuma kin rasa abincinki.

Ga abin da za ki yi, bisa Matiyu 5:23-24 da 18:15-17. Ki same ta a gidanta cikin mako, ke kaɗai, ba a bakin majami'a ba inda idon mutane zai sa kowa ta ƙi sauka. Ki raba maganar gida biyu: kuɗi daban, baƙar magana daban. A kan kuɗin, ki faɗi adadinsu da watan da aka yi zubin, in uwar adashi tana da littafi a duba. A kan baƙar magana, ki fara da taki, ki nemi gafara ba tare da kin liƙa mata "amma ke ma" ba. In ba a daidaita ba, ki koma da mutum ɗaya ko biyu, kuma ki zaɓi wadda ita take jin nauyinta, kamar shugabar zumunta ko matar fasto. Aminiyarki ba za ta yi ba, za ta ga an zo yi mata taron dangi ne. In wannan ma ya ƙi, sai a kai wa dattawa.

Wuraren da sulhu ke lalacewa sanannu ne. Akwai aika saƙon murya ta WhatsApp, wanda ake turawa gaba har unguwa ta ji. Akwai kai maganar taron addu'a da sunan a taya ki addu'a, alhali tonon asiri ne. Akwai kuma sulhun safiyar Lahadi, a rungumi juna a guje saboda Jibi ba a taɓo zancen kuɗin ba, bayan wata biyu ya sake tashi.

In kin yi naki ta ƙi, Romawa 12:18 ta ce ki zauna lafiya da kowa iyakar abin da ke hannunki. Ki zo ki ci. Batun cin da take yi kuwa, ayar ta ce kowa ya gwada kansa, ba maƙwabcinsa ba. Ki tuna a teburin farko, Luka 22:24 ya nuna almajiran har gardamar wane ne babba suka yi, Bitrus kuma a daren ya yi musun Ubangijinsa, duk da haka Yesu ya miƙa musu gurasar.

Iyayena, an ɗora mini aikin dikon, shirya Jibi ya dawo hannuna. Masu ci a wurinmu sun kai 60. Nawa zan tanada, kuma me zan yi in ruwan inabi bai samu ba? Zoɓo ya halatta? Daga wani dikon, Tawa.

Ɗan'uwa, Allah ya riƙa maka. Mu fara da abin sha, don a nan aka fi tuntuɓe.

Kowane ɗan kofi cokalin shayi biyu ya ishe shi, wato mililita 10. Mutum 60 sun tashi mililita 600. Ka ƙara kofi goma saboda baƙi, ka ga kwalin lita ɗaya ya wadatar har da saura. In za ka saya a kanti, ka karanta jikin kwalin, hoton inabi kaɗai bai isa shaida ba, da yawa ruwan sukari ne da launi. Kwalin da aka buɗe kuma ba ya jiran Jibin wata mai zuwa, a zafin Afrilu da Mayu wuni ɗaya ba firiji ya isa ya yi tsami.

In na kwali bai samu ba, ka nemi busasshen inabi. Gram 250 za ka wanke, ka jiƙa cikin ruwa lita ɗaya awa biyu zuwa uku, ka tafasa minti 20, ka murtsuke da ludayi, ka tace da farin ƙyalle mai tsabta. Abin da zai fito zai ishi mutanenka. In kana da firiji ka yi shi yammacin Asabar, in babu ka yi da asubar Lahadi. Kada ka ƙara sukari, yana da zaƙinsa.

Zoɓo kuwa, ga yadda muke gani. Yesu 'ya'yan inabi ya ambata (Markus 14:25), don haka inabi ne na farko matuƙar ana iya samu. Katolika ba sa amfani da komai sai ruwan inabi na ainihi da gurasar alkama. Ikkilisiyoyinmu na bishara ba sa sa mai sa maye, kuma wannan al'ada ta yi ƙarfi tun 1869, lokacin da Thomas Welch a Amurka ya fara dafa ruwan inabi don kada ya zama giya. Inda inabi ya gagara sam, akwai ikkilisiyoyin da ke sa zoɓo, kuma a ganinmu gara haka da a shekara ba a ci Jibi ba. Amma wannan shawarar dattawa da fasto ce, ba ta dikon shi kaɗai ba, a kuma sanar da jama'a tun kafin ranar don kada wani ya ɗaga kofi zuciyarsa tana jayayya.

Wajen zubawa, ka ware ƙaramar butar shayi mai siririn baki don wannan aiki kawai, ita ce ba ta ɓarin ruwa a faranti. Kada ka cika kofi fal, hannun tsofaffi yana rawa. In ƙoƙo ɗaya kuke zagayawa da shi, mai riƙewa ya goge bakin ƙoƙon ya juya shi bayan kowane mutum. Lokacin sanƙarau ko amai da gudawa kuwa ku koma ƙananan kofuna, ko da 'yan kofunan shayi ne na aro. Ba rashin bangaskiya ba ne, kula da raunana ne. Bayan sujada a wanke su da sabulu da ruwan zafi a ranar, a kife su bushe, a adana cikin kwano mai murfi. Kofin da aka ajiye da ɗigon zaƙi, tururuwa da fumfuna za ka tarar.

Gurasa: sandar burodi ɗaya takan ba mutum 50 zuwa 60 in aka yanka kamar kan babban yatsa, to ka sayi biyu. Ka bar gutsure babba ɗaya wanda fasto zai ɗaga ya gutsuttsura a gaban jama'a, domin ganin gurasa ɗaya ana raba ta yana cikin wa'azin. Kada ka yanka tun dare. Da hunturu burodin da aka yanka aka bari a buɗe awa ɗaya yakan zama ƙanzo, mai haƙori uku ba zai iya da shi ba. Ka yanka da safe ka rufe da ƙyalle mai ɗan danshi. In kuna son marar yisti, irin ta Idin Ƙetarewa, ka kwaɓa fulawa kofi ɗaya da mai cokali biyu da ɗan gishiri da ruwa kaɗan, ka murza ta yi fale-fale, ka tsattsaga da wuƙa, ka huhhuda da cokali mai yatsu don kada ta kumbura, ka gasa a kasko da wuta kaɗan minti uku zuwa huɗu kowane gefe.

Masu rabawa, mutum ɗaya ga kowane 25 ko 30 ya isa. Abin da muke so ka riƙe fiye da duk lissafin nan shi ne waɗanda faranti ke mantawa da su: uwar da ta fita inuwa da jariri mai kuka, malaman makarantar Lahadi da ke can da yara, mai tsaron ƙofa, mai kiɗa, makahon da ke zaune can baya wanda bai san faranti ya iso gabansa ba sai an taɓa hannunsa. Ka sa mutum ɗaya aikinsa ke nan. Fasto kuma kada ya ce a ci sai ya tambaya ko akwai wanda bai samu ba. Abin da ya ragu ba a zubar da shi a bola, ba a kuma ba kowa ya kai gida a matsayin magani. Dattawa su cinye, ko a zuba ruwan a ƙasa mai tsabta.

Malamai, ni ɗalibi ne a Jami'ar Abdou Moumouni, ɗan EERN, ikkilisiyar bishara ta Nijar. Na je ɗaurin auren abokina a babbar majami'ar Katolika ta Yamai, aka ce 'yan Katolika kaɗai za su karɓi Jibi. Abin ya yi mini zafi. Ashe ba 'yan'uwa muke ba?

Ɗanmu, 'yan'uwa muke, zafin da ka ji kuma ba laifi ba ne, rabuwar abin baƙin ciki ce. Sai dai ba raini aka yi maka ba.

Katolika sun gaskata cewa bayan addu'ar firist, gurasa da ruwan inabi sun zama ainihin jikin Almasihu da jininsa, ko da kamanni da ɗanɗano ba su sake ba. An tabbatar da wannan koyarwa a manyan tarukan shugabannin Katolika, na Lateran a 1215 da na Trent a 1551. A wurinsu wanda ya karɓa ya ce Amin ya shaida ke nan cewa ya yarda da wannan, yana kuma cikin cikakkiyar tarayya da ikkilisiyarsu. In ka karɓa ba ka yarda ba, ka faɗi abin da ba ya zuciyarka. Su kansu masu gyaran ikkilisiya, waɗanda suka rabu da Katolika, ba su zama baki ɗaya ba. Luther da Zwingli sun haɗu a Marburg a 1529, suka daidaita kan batutuwa 14 cikin 15, na ƙarshen da ya raba su shi ne wannan. Luther ya ce jikin Almasihu yana nan da gaske tare da gurasar, Zwingli ya ce tunawa ce da shaida. Calvin ya tsaya tsakani, ya ce mai bi yana ci daga Almasihu da gaske, amma ta Ruhu Mai Tsarki da bangaskiya. Ikkilisiyoyin da suka fito daga aikin ƙungiyar mishan ta SIM, wanda ya faro a Damagaram a 1924, sun fi karkata wajen tunawa.

In ka sake zuwa, ka zauna wurinka ka yi addu'a, ka taya su waƙa, ka ci abincin biki. Akwai baftisma, akwai Littafi, akwai zaman makoki da na suna da ke haɗa mu. A Janairun 2015 da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, wutar ba ta tambayi wace ta Katolika wace ta bishara ba.

Baba, 'yata ta yi ciki ba aure, aka sa ta a horo aka hana ta Jibi. Yaron da ta haifa har ya fara tafiya, ba wanda ya ce mata komai, ba wanda ya leƙo mu. Wanda ya yi mata cikin kuwa yana cikin mawaƙa. Daga wata uwa, Talaje, Yamai.

Mama, sannu da haƙuri. In abin haka yake kamar yadda kika faɗa, an yi kuskure biyu, kuma duka masu nauyi ne.

Horo yana da tushe a Littafi, 1 Korintiyawa 5 ta nuna haka. Amma manufarsa a maido da mutum. A 2 Korintiyawa 2:6-8 Bulus ya ce hukuncin ya isa, a yafe, a ta'azantar, a tabbatar wa mutumin da ƙauna, don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Horon kirki yana da abubuwa huɗu: a gaya wa mutum dalili a fili, a faɗa masa abin da ake jira daga gare shi, a sa dattijo ko dattijiya ta riƙa ziyartarsa a kai a kai, a kuma sa ranar da dattawa za su sake zama kan maganarsa. In an ɗaga, yadda aka sanar da shigarsa haka za a sanar da fitarsa, ya ci Jibi tare da kowa a ranar. Wanda aka dakatar daga teburi ba a dakatar da shi daga gaisuwa da ziyara ba. Horon da ya faɗa kan yarinya don cikinta ya fito, ya tsallake namiji don nasa ba ya fitowa, son kai ne.

Ki tafi da 'yarki da wata babba daga zumuntar mata ku sami fasto, ku roƙi a sa ranar zama da dattawa, ku tambaya a fili me ya rage. Sau da yawa ba mugunta ba ce, an canja fasto ko dattawa, babu abin da aka rubuta, magana ta bi ruwa. Shi ya sa muke roƙon sakatarorin ikkilisiya su riƙa rubuta ranar shiga horo da ranar sake dubawa.

Ina bida a Abijan, mahaifiyata tana kwance a Tawa, ba ta iya zuwa sujada. In na kira ta a waya na karanta mata ayoyin, ta ci burodi da kanta, ya zama Jibi?

Ɗan'uwa, ka ci gaba da kira da karatu da addu'a, suna da amfani ƙwarai. Amma Jibi abin taruwa ne, a 1 Korintiyawa 11 sau biyar Bulus ya ambaci taruwa. Hanyar da ikkilisiya ta sani tun da ita ce a kai mata. Wajen shekara ta 150 Justin Mai Shahada, wani malamin ikkilisiyar farko, ya rubuta cewa dikinoni sukan kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba. Ka kira fastonta ka roƙa. A ranar Jibi da yamma ya je da mutum biyu ko uku, su ma su ci tare da ita don kada ta zama ita kaɗai ake ba. Minti 15 ya isa majinyaci: waƙa ɗaya da ta sani, karatu, addu'a. A ɗaga ta ta jingina kafin a ba ta, in haɗiya tana yi mata wuya a jiƙa ɗan gutsuren cikin ruwan inabin. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a sa masa komai a baki, zai iya shaƙewa, addu'a ake yi masa.

Majami'armu ta cika: Hausawa, Zabarmawa, Gurmawa, mutanen Togo da Benin da Najeriya. Muna cin Jibi tare, amma da an tashi kowa sai ya nufi nasa. Asusun taimako ma ya jawo gunaguni, wai ɓangare ɗaya ke ci. Ina mafita? Daga sakataren wata ikkilisiya, Yamai.

Malam sakatare, gunagunin nan ya girmi majami'arku. A Ayyukan Manzanni 6 masu jin Helenanci sun koka cewa ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce a yi shiru don zaman lafiya ba. Suka sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai, kuma in ka duba sunayensu, su Istifanas da Filibus, duk na Helenawa ne. Wato an danƙa rabon a hannun ɓangaren da ke kuka.

Ku yi haka. Kwamitin asusu ya ƙunshi mutum daga kowane harshe, da mata aƙalla biyu, domin su suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba. Mai riƙe kuɗi daban, mai riƙe littafi daban, kuɗi kuma ba sa fita sai da sa hannun mutum biyu. A rubuta tun farko abin da asusun ke ɗauka, misali takardar magani, haihuwa, rasuwa, hatsin gwauraye lokacin da damina ta yi nisa rumbu ya ƙare, da iyakar abin da ake ba gida ɗaya. In gida 40 suka zuba dala ɗari ɗari a wata, jikka 20 ke nan, kuɗin da ba za su yi wa kowa jari ba amma za su sayi maganin zazzaɓin yara da yawa. Kada ku haɗa kyauta da rance cikin asusu ɗaya. Wanda ya ci bashin ikkilisiya ya kasa biya, kunya takan hana shi zuwa sujada, ku yi asarar kuɗin da mutumin gaba ɗaya. Duk wata uku a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, ba tare da sunan wanda aka taimaka ba. Baikon ranar Jibi kuma ya fi dacewa ya shiga wannan asusu.

Batun kowa ya nufi nasa, kada ku rushe ƙungiyoyin harshe, mutum yana bukatar inda zai yi addu'a da harshen uwarsa. Ku ƙara wani abu a kansu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, to ku raba jama'a bisa unguwa, gida takwas zuwa goma, su riƙa haɗuwa sau biyu a wata, ana zagaya gidajen. A ƙayyade abin da mai masauki zai kawo, ruwa da gyaɗa ko shayi, domin in aka fara gasar girki talaka zai ce kada a zo gidansa. Ranar Jibi a karanta kalmomin Ubangiji da harshe biyu ko uku, masu rabawa su fito daga kowane ɓangare, shugabanni kuma su bar kujerun gaba su bazu cikin jama'a. Galatiyawa 2:11-14 ta nuna da Bitrus ya janye daga cin abinci da al'ummai a Antakiya, har Barnaba ya bi shi. Jama'a inda manya suka zauna suke kallo, don haka da fasto da dattawa za ku fara wannan gyara a zamanku na gaba.